Bazara a Illo: Haƙƙin Zuciya a Kan Mai Ita

A wannan mako filin namu ya nufi Illo, tsohon garin nan na ƙasar Bargu wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙetaren Kogin Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Abin da ya kai mu can kuwa shi ne bazara, da irin wahalar da takan ɗora wa zuciya. Zuciyar da muke nufi a nan ita ce tsokar da ke cikin ƙirji, wadda ke harba jini dare da rana ba hutawa, tun mutum yana cikin mahaifiyarsa har ranar da zai koma ga Ubangijinsa.

Daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haye digiri 40 da rana tsaka. A daidai wannan lokaci ne kuma manoma ke yankan shinkafar rani a fadamun bakin kogi, 'yan dako na ɗora buhuna a mota, 'yan kasuwa na kai da kawowa a kasuwannin bakin iyaka irin su Lolo, ma'aikatan kwastan da na shige da fice kuma suna tsaye a bakin hanya cikin kaki. Idan wani ya yanke jiki ya faɗi, sai a ce rana ce ta buge shi. Idan ta Allah ta kasance, sai a ce kwana ya ƙare. Haka ne, ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma jiki amana ne, an kuma umurce mu da riƙon sababi. Likitoci sun tabbatar cewa kaso mafi girma na mutanen da ke rasuwa a lokutan tsananin zafi, ta hanyar zuciya da jijiyoyin jini abin ke zo musu. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su san abin da ke gudana a cikin ƙirjinsu sa'ad da rana ta take.

Dabarar fataken da

Illo ba baƙon fatauci ba ne. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja yakan ƙetare Kwara ta wannan yanki, ya ratsa ƙasar Bargu da jakuna da 'yan alaro, tafiyar watanni. Waɗannan mutane ba su da ma'aunin zafi, ba su da likita a cikin ayari, amma suna da tsari. Madugu yakan tashi ayari tun da jijjifi, a yi tafiya cikin sanyin safiya, a sauka zango kafin rana ta gama ƙwallewa, kuma ba a yada zango sai inda ruwa yake. Sauran yini na hutawa ne da kiwon dabbobi da gyaran kaya. Madugun da ya kori jama'arsa cikin garjin rana, ya san asarar jakuna da mutane ce zai girba.

Yau babur da mota sun rage nisa, agogon ofis ya maye gurbin inuwa, rufin kwano ya kori jinka da soro. Mun sami sauri, amma mun yar da waccan dabara ta kauce wa tsakiyar rana. Zafin kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, domin masana yanayi sun yi ittifaƙi cewa duniya tana ƙara ɗumama, kuma ƙasashen Sahel suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Abin da zafi ke yi wa zuciya

Allah ya halicci jikin ɗan Adam a kan zafin da bai wuce kimanin digiri 37 ba. Idan zafin waje ya matsa, jiki yana da hanyoyi biyu na fitar da shi. Ta farko, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata sai su buɗe, jini ya kwararo zuwa fata ya saki zafinsa. Ta biyu ita ce zufa, wadda ke ɗauke zafi sa'ad da take bushewa. Dukkan hanyoyin nan biyu a wuyan zuciya suke.

Mutumin da ke zaune cikin sanyi, zuciyarsa tana harba kimanin lita 5 na jini a minti guda, abin da ke zuwa fata daga ciki kuwa bai kai rabin lita ba. Idan jiki ya ɗau zafi matuƙa, jinin da fata kaɗai ke nema yakan kai lita 7, sai ya zama dole zuciya ta ninka aikinta. Kowane digiri ɗaya da zafin cikin jiki ya ƙaru, bugun zuciya yakan ƙaru da kimanin 10 a minti. Watau dattijon da ke zaune a rumfar kwano da azahar, ko da bai ɗaga tsinke ba, zuciyarsa tana aikin mai hawan tudu da kaya.

Sa'an nan ga batun zufa. Mai aikin ƙarfi cikin rana yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu na ruwa a sa'a guda, tare da gishirin jiki. Idan ba a mayar da ruwan ba, jini sai ya ragu ya yi kauri. Jinin da ya yi kauri ya fi saurin daskarewa, gudan jini kuwa idan ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, shi ne ciwon zuciya mai kayar da mutum farat ɗaya. Idan ya toshe ta ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda ma tana shan wuya, domin ruwan da za ta tace ya yi ƙaranci.

Garuruwan bakin kogi irin su Illo suna da ƙarin matsala. Idan bazara ta yi nisa, wajen ƙarshen Afrilu da Mayu, iska mai laima takan taso daga kudu alhali ruwan sama bai sauka ba. A irin wannan yanayi zufa ba ta bushewa, sai dai ta yi ta tsiyaya, watau jiki yana asarar ruwa amma bai sami sanyi ba. Dare ma ba ya yin sanyi, ɗakin kwano da bulo yana mayar da zafin da ya sha da rana. Zuciyar da ta yini tana gudu, ta kwana tana gudu, ta wayi gari a kan haka kwana uku ko huɗu a jere, ita ce ke sarewa.

Darasi daga Bamako da Makka

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024 wani matsanancin zafi ya lulluɓe ƙasashen Sahel, har da arewacin Nijeriya da Nijar. A ranar 3 ga Afrilu aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da sanarwar mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka rasu a asibitin. Kusan rabin mamatan sun haye shekara 60, da yawansu kuma suna da wani ciwo tun da farko. Abin ya zo cikin goman ƙarshe na Ramadan, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, a aikin hajjin wannan shekara, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun bayyana cewa alhazai 1,301 ne suka rasu, kuma 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin hajji, saboda haka suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba tare da tanti ko mota ba. A cikinsu akwai tsofaffi da masu daɗaɗɗun cututtuka. Ko ƙasashen Turai masu manyan asibitoci ba su tsira ba: zafin da aka yi a 2003 ya kashe kimanin mutum 70,000, kusan 15,000 daga ciki a Faransa. A ko'ina kamannin mamatan ɗaya ne: tsoho, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai aikin ƙarfi da bai sami inuwa da ruwa ba.

Ciwon da ba ya sallama

Binciken likitoci ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo a duniya ba su san suna da shi ba. Ba ya sallama, ba ya sa mutum kwanciya. A hankali yake kumbura tsokar zuciya yana taurara jijiyoyi, har ranar da bazara za ta nemi zuciyar ta ninka aiki, ta kasa. Alhajin da ya haye arba'in, ya yi teɓa, yana yini a zaune a shago ko a ofis, yana cin goro yana kurɓar shayi mai kauri, lalle ne ya je a auna jininsa tun sanyi bai gama wucewa ba. Awon ba ya cin minti biyar, ana yinsa a asibiti da ɗakin shan magani. Idan aka auna a ranaku dabam-dabam aka ga yana kai 140 bisa 90 ko fiye, to magana ta koma hannun likita.

Wanda ya riga ya san ciwonsa yana shan magani, shi ma akwai abin lura. Magungunan da ke sa yawan fitsari, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, suna ƙara fitar da ruwa a kan wanda zufa ta fitar. Irin su lisinopril, idan jiki ya bushe, suna iya sa jini ya faɗi ƙasa ainun, ƙoda kuma ta wahala. Irin su atenolol suna hana zuciya saurin da jiki ke nema don ya huce. Wannan ba dalili ba ne na ajiye magani. Barin magani da ka ya fi zafin haɗari. Abin yi shi ne a koma wurin likita a farkon bazara, a tambaye shi ko adadin yana bukatar gyara, musamman idan mutum yana jin jiri in ya miƙe tsaye. Wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ƙafafunsa na kumbura, aka ƙayyade masa ruwan da zai sha, kada ya bi shawarar da ake ba kowa ta yawaita shan ruwa sai ya ji daga bakin likitansa. Maganin kansa ma a ajiye shi wuri mai sanyi, domin galibin ƙwayoyi ba a so su zauna inda zafi ya wuce digiri 30. Aljihun mota da kantar shagon kwano ba wurin ajiyarsu ba ne.

A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan dako da manoma ke saye a tire su haɗiya bayan aiki. Suna ɗaga jini, kuma a jikin da ya bushe suna iya lalata ƙoda. Haka nan lemon ƙara kuzari da samari ke ɗurawa, da haɗe-haɗen ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba. Taba kuwa, sigari ce ko shisha, makiyiyar zuciya ce rani da damina.

Mai jego da wankan ruwan zafi

Akwai wani babi na wannan magana da ya shafi iyalinmu. Tsakanin 1969 da 1972, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Farfesa Parry, sun bi diddigin mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka ga ciwon yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari na masu haihuwa, abin da ba a saba gani ba a sauran duniya, kuma masu zuwa asibiti sun fi yawa bayan watannin zafi, zuwa cikin damina. Suka danganta shi da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. A 2007 binciken Farfesa Isezuo a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya sami adadi kusan iri ɗaya, mace ɗaya cikin haihuwa 102.

Ilmi bai tsaya nan ba. Babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da dama, wanda aka buga a 2020, bai sami hujjar cewa waɗannan al'adu ne tushen ciwon ba. Abubuwan da ya fi gani tare da shi su ne rama, da rashin ilmi da abin hannu, da hawan jinin masu ciki. To amma ko da wanka da kanwa ba su ne suka haifi ciwon ba, hankali ya isa ya nuna cewa zuciyar da ta raunana ba ta bukatar a haɗa mata zafin bazara da na garwashi da gishirin kanwa a lokaci guda. Maigida ya sa ido. Idan mai jego tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, tana tarin dare, ƙafafu da fuska suna kumbura, kada a ce jego ne, kada a ƙara mata wuta. A kai ta asibiti a ranar. Iyayenmu mata da ke kula da wankan ba su nufin kowa da sharri, a yi musu bayani cikin ladabi, a sassauta zafin ruwan, a rage kanwar.

Sauƙin da Shari'a ta yi

Addinin Musulunci a ƙasa mai zafi ya sauka, kuma bai bar wannan al'amari haka nan ba. Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan huce. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya kawo son a jinkirta ta lokacin zafi har inuwar abu ta ƙaru da rubu'in tsawonsa. To, idan sallar farilla aka ɗaga saboda rana, ina ga lodin buhu da awon hatsi? Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci tsakar rana a cikin lokutan da mutum ke tuɓe tufafinsa ya huta a ɗaka, ƙailula kuwa al'ada ce ta Sahabbai.

Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da ake kira Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Da Annabi ya ji, sai ya sa aka gaya masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. A nan akwai amsa ga mai zaton cewa gasa kai a rana wata jarumtaka ce ko ƙarin lada. An kuma ruwaito a Muwaɗɗa cewa an ga Annabi yana kwara ruwa a kansa yana azumi saboda zafi ko ƙishirwa, a Muslim kuma an ruwaito cewa a hajjin ban kwana an ɗaga masa tufa ana kare shi daga rana. Maniyyacin da ya san yana da ciwon zuciya ko hawan jini ya faɗa wa likitocin alhazai gaskiya, ya riƙe magungunansa, ya tambayi malaman tawagarsa lokutan da aka yi sauƙi a jifa da ɗawafi.

Game da azumi, daga 2020 zuwa 2024 Ramadan ya faɗo cikin watannin Maris da Afrilu da Mayu, watau tsakiyar bazara. A 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma da yake kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, ya doshi hunturu ke nan. Amma Sitta Shawwal da ramuwa da azumin Litinin da Alhamis suna nan cikin zafi. Ayoyi na 184 da 185 a Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ya sha ya rama. Malaman Malikiyya sun fayyace cewa shan azumi ya halatta ga wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko warkewarsa ta yi jinkiri, kuma ya zama wajibi ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Wanda likita amintacce ya ce masa zuciyarsa ko ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, ya karɓi rangwamen Ubangijinsa, ya je wurin malami a yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa. Ramuwa kuwa tana da faɗin lokaci har zuwa Sha'aban, ana iya jiran ruwa ya sauka. Mai lafiyar da zai yi azumi ya jinkirta sahur, ya rarraba shan ruwa tsakanin Magariba da Asuba, ya rage yaji da gishiri da soye-soye, ya gama aikin ƙarfinsa da hantsi.

A kasuwa, a ofis, a gida

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a lokacin zafi mutum ya riƙa shan kamar kofi ɗaya kowace sa'a, lita 2 zuwa 3 a yini, mai aikin ƙarfi kuma fiye da haka. Ledar ruwa guda rabin lita ce, kowa sai ya yi lissafinsa. Kada a jira ƙishirwa, musamman tsofaffi, domin su ƙishirwa ba ta kama su da wuri. A riƙa miƙa musu moɗa ko ba su tambaya ba. Fitsari shi ne ma'aunin talaka: idan ya yi ja ya ƙaranta, jiki na neman ruwa. Ruwan randa mai tsabta, kankana, fura da nono, zoɓo da kunu marasa yawan sukari, duk suna taimakawa. Wanda ya yini yana zufa a gona, ko zawo ya kama shi, ya sha ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, a dama ƙunshi ɗaya yadda aka rubuta a jikinsa. Amma mai hawan jini kada ya mai da zafi hujjar ƙara gishiri a miya. Abin da ake so ga babba bai kai giram 5 ba a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da kanwa.

A sa tufafi masu haske, sakakku, na auduga, a ɗora malafa ko a riƙe laima. A rufe tagogin da rana ke bugawa da yini, a buɗe su da dare. Fanka tana da amfani muddin zafin ɗaki bai kai digiri 40 ba. Idan ya wuce haka iskar zafi kawai take hurawa, sai an jiƙa fata ko riga da ruwa tukuna. Kada a bar yaro ko tsoho a cikin mota a rufe, ko da na minti kaɗan ne.

Sa'an nan ga haƙƙin na ƙasa a kan na sama. Mai kaya shi ke sa lokacin lodi, mai gona shi ke sa lokacin yanka, shugaban ofis shi ke raba aikin tsaron hanya, hedimasta shi ke tsayar da yara a fili. Shari'a ta hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa. Saudiyya ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, Katar kuma tun 2021 ta hana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi a watannin zafinta. Ba sai mun jira doka ba. Shugabannin kasuwa da na tasha suna iya yin ittifaƙi a yi lodi daga Asuba zuwa hantsi, a koma bayan La'asar, a kafa rumfa, a ajiye randa. Masu hali su tuna falalar shayar da ruwa. Limamai su taƙaita huɗuba idan sahu ya fita rana, masu jana'iza kuma su nema wa dattawa inuwa a maƙabarta.

Alamomin da ba a jira da su

Idan mutum ya ji kasala da jiri da ciwon kai da tashin zuciya, zufa na karyo masa, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa, to zafi ya fara cin ƙarfinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan bayan rabin sa'a bai dawo daidai ba, sai asibiti.

Idan kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya ruɗe yana sambatu, ko yana tangaɗi, ko ya suma, wannan shi ne bugun rana, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Kada a ɓata lokaci ana cewa iska ce. A fara sanyaya shi nan take: a cire manyan tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a ci gaba da haka har cikin motar da za ta kai shi asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, domin zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe.

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ke sauka hannu ko ya hau wuya da muƙamuƙi, da zufa mai sanyi da ƙarancin numfashi, alamar toshewar jijiyar zuciya ce, ko da mutum ya rantse gyambon ciki ne. Karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da harɗewar harshe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, a tuna bazara lokacin sanƙarau ne. Duk waɗannan ba a kwana da su a gida. Mutanen Illo da ƙauyukanta sun san nisan da ke tsakaninsu da manyan asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato, sun kuma san halin hanya. Saboda haka a fara da asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba, kuma kowane gida mai tsoho ko mai ciwo ya san tun yau motar wa zai nema idan dare ya yi.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. A auna jini kafin bazara ta kankama, a ga likita a kan magunguna, a mayar da aikin ƙarfi safe da yamma kamar yadda madugan da suka yi, a karɓi sauƙin da Shari'a ta bayar, a leƙa tsofaffi da masu jego kowace rana har ruwa ya sauka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana damina mai albarka.